Yadda sigina ke isa ga wayar salula: Darasi daga yankin Maradun

A ranar 3 ga watan Satumbar shekarar 2021, Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta umarci kamfanonin wayar salula da su katse layukansu a ɗaukacin jihar Zamfara.

Gwamnan jihar na lokacin, Bello Matawalle, wanda ɗan asalin Maradun ne, shi ya nemi a ɗauki matakin, domin hana 'yan bindiga yin magana da masu kai musu rahoto.

Kwana biyu kafin hakan, an sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandare ta garin Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun. A watan Agusta an kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a watan Fabrairu kuma an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara.

Da farko makonni biyu aka ce rufewar za ta yi. To amma sai a farkon Oktoba aka maido da layukan birnin Gusau, sauran sassan jihar kuwa, har da garuruwa irin su Faru, sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar buɗe nasu.

A tsawon wannan lokaci cinikin masu POS ya tsaya, aika kuɗi ta waya ya gagara, wasu suka koma ba direbobin mota wasiƙa kamar yadda ake yi a da, wasu kuma suka riƙa yin tafiya mai nisa zuwa jihohin maƙwabta don kiran 'yan uwa kawai.

Lamarin ya tada tambayoyi da har yanzu suke da amfani. Me ya sa ba a katse wa 'yan bindiga kaɗai ba? Me ya sa daga baya aka faɗaɗa matakin zuwa ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 a Sakkwato? Kuma me ya sa ko a lokacin da layuka ke aiki, mutumin ƙauye kan hau tudu ko bishiya kafin ya samu abin da aka fi sani da "sabis"?

Amsar duka tana cikin halayen igiyar rediyo, wadda ke da dokokinta na kimiyya.

Wayar salula rediyo ce

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, wayar salula ƙaramin gidan rediyo ce. Bambancinta da akwatin rediyon da ake sauraren labarai shi ne, ita tana karɓa kuma tana aikawa.

Idan aka sa wutar lantarki ta riƙa kai da komowa da sauri a cikin ƙarfe, sai wani irin kaɗawa ya fita daga ƙarfen ya bazu a sarari, kamar yadda ruwan tafkin Bakolori kan yi zobe-zobe idan aka jefa masa dutse. Wannan ƙarfe shi ne eriya, kaɗawar kuma ita ce igiyar rediyo. Idan aka ɗora mata saƙo, na murya ko rubutu ko hoto, sai a kira ta sigina.

Igiyar ba ta buƙatar iska ko waya kafin ta yi tafiya. Gudunta daidai yake da na haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya.

Wani masani ɗan yankin Sikotlan, James Clerk Maxwell, shi ya fara nuna samuwarta ta hanyar lissafi a shekarun 1860. Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da ita a ɗakin gwaji tsakanin 1887 da 1888. A watan Disambar 1901 kuma Guglielmo Marconi, ɗan ƙasar Italiya, ya ba da sanarwar cewa ya karɓi sigina da ta tsallake tekun Atlantika daga Ingila.

Yawan kaɗawa da tsawon zango

Kowace igiya tana da siffofi biyu da ke tafiya tare. Ta farko ita ce yawan kaɗawa, wato sau nawa take kai da komowa a daƙiƙa guda. Ma'auninsa shi ne haz, wanda aka samo daga sunan Hertz. Kaɗawa dubu a daƙiƙa ita ce kilohaz ɗaya, miliyan ɗaya megahaz, biliyan ɗaya kuma gigahaz.

Ta biyu ita ce tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin ƙololuwar igiya ɗaya da ta mai bi mata. Da mita ake auna shi.

Masu sauraren rediyo a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan ma'auni, ko da ba su lura ba. Idan mai gabatarwa ya ce ana kama tasha a kan mita 19 ko 25 ko 49 a gajeren zango, tsawon igiyar yake faɗa. Mita 19 ta yi daidai da kimanin megahaz 15, mita 49 kuma kimanin megahaz 6.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: gwargwadon yawan kaɗawa, gwargwadon gajartar zango. Tashoshin FM suna aiki tsakanin megahaz 87.5 da 108, inda tsawon igiyar yake kusan mita uku. Layin GSM na megahaz 900 tsawon igiyarsa kimanin santimita 33 ne, na megahaz 1800 kuma rabin haka. Wi-Fi mai gigahaz 2.4 yana da santimita 12 da rabi, mai gigahaz 5 kuma santimita shida.

Wannan ne ya sa gidan rediyo ke buƙatar dogon ƙarfe, alhali eriyar wayar salula tana ɓoye a cikin murfinta. Girman eriya yana bin tsawon igiyar da za ta kama.

Dalilin hawa tudu

Mai yiwuwa wani ya yi mamaki: yaya rediyo ke kama tashar da ke Turai a tsakiyar Faru, amma waya ta kasa kama turken da bai wuce tafiyar rabin sa'a a kan babur ba?

Igiyoyin gajeren zango suna da wata baiwa. Idan suka tashi sama sukan tarar da wani ɓangare na sararin samaniya da hasken rana ya cika da ƙwayoyin lantarki, sai ya tanƙwaro su ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita.

Igiyoyin wayar salula kuwa ratsa wannan ɓangare suke yi su wuce. Saboda haka tafiyarsu kusan a miƙe take, irin ta haske. Sai turke ya kusan "hango" waya kafin su yi magana da kyau.

Da yake duniya a dunƙule take, akwai iyakar da hangen ke tsayawa. Bisa lissafin injiniyoyi, eriyar da ke kan turke mai tsawon mita 36 tana iya hangen kimanin kilomita 25 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Tsayuwar mutum a ƙasa tana ƙara kimanin kilomita biyar. Idan kuwa ya hau dutse mai tsawon mita 100, abin da zai ƙara ya kai kilomita 40.

Wato ke nan mai hawa tudu don neman sabis ba camfi yake bi ba. Ƙara wa eriyarsa tsawo yake yi, yana kuma kauce wa abubuwan da suka shiga tsakaninsa da turke.

Duk da haka tsarin GSM na asali yana da iyaka ta kilomita 35, saboda dole ne saƙon kowace waya ya isa turke a daidai ɗan lokacin da aka ware masa.

Yadda ƙarfi ke raguwa

Sigina tana rauni ne tun daga lokacin da ta baro eriya, domin ƙarfinta yana bazuwa a fili mai ƙara faɗi. A sararin da babu shamaki, idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. A doron ƙasa raguwar ta fi haka tsanani.

Abubuwan da ke kan hanya suna yi mata illa ta fuskoki daban-daban. Katangar laka mai kauri da ganyen itatuwa suna shanye wani sashe nata. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe suna mayar da ita baya, kamar yadda madubi ke yi wa haske. Dutse yakan tare ta, ya bar inuwa a bayansa, inda sai ɗan abin da ya lanƙwaso ta gefe ke isa.

Shi ya sa a kan samu sabis a tsakar gida a rasa a cikin ɗaki. Shi ya sa kuma wurin da ke da sabis da rani kan yi rauni da damina, lokacin da itatuwa suka yi ganye, dawa da gero suka yi tsawo.

Wani abin kuma shi ne, sigina ɗaya takan iso waya ta hanyoyi da yawa, wata kai tsaye, wata bayan ta bugi gini ko dutse. Idan suka haɗu, wani lokaci su ƙarfafi juna, wani lokaci su soke juna. Tun da tsawon igiyar bai kai kamu ɗaya ba, matsawa taki guda yana iya sauya lamarin baki ɗaya.

A nan ne muhimmancin ƙananan zanguna yake ga karkara. Igiyoyin megahaz 700 da 800 da 900 sun fi nisan tafiya, sun fi lanƙwasa a bayan shamaki, sun kuma fi ratsa katanga. Na megahaz 2600 ko gigahaz 3.5 sun fi ɗaukar kaya da yawa, amma zangonsu gajere ne, sun fi dacewa da birane masu cunkoso.

Ma'aunin desibel

Sandunan da ke saman fuskar waya ba ma'auni ne tabbatacce ba, domin kowane kamfanin ƙera waya yana da nasa tsarin zana su. Ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi shi ne desibel, wanda ake rubutawa dBm idan ana kwatanta ƙarfi da miliwat ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat.

Lissafinsa ba irin na mudu ba ne. Ƙarin desibel uku yana nufin ƙarfi ya ninka biyu. Ƙarin desibel goma yana nufin ya ninka goma, ashirin ya ninka ɗari, talatin ya ninka dubu.

Siginar da ke isa waya ba ta taɓa kaiwa miliwat ɗaya ba a al'ada, don haka lambar takan zo da alamar ragi. Idan ta nuna -60, ƙarfin kashi ɗaya ne cikin miliyan na miliwat, kuma wannan sigina ce mai kyau ƙwarai. Idan ta nuna -90, ya ragu har sau dubu, amma waya na aiki. Daga -110 zuwa ƙasa, kira yakan fara yankewa.

Masu wayoyin Android da dama suna iya ganin wannan lamba a cikin saitunan waya, wajen bayanin layi. Da ita mutum zai iya gane kusurwar gidansa da ta fi sigina ba tare da hasashe ba.

Hangen Dala ba shiga birni ba

Ganin sanduna a waya ba ya nufin kira zai shiga. Dalili na farko shi ne hanyar biyu ce, ta zuwa da ta dawowa. Turke yana aikawa da ƙarfin wat gommai, daga wuri mai tsawo. Waya kuwa iyakarta wat biyu a GSM na megahaz 900, a 4G kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar na wat. Saboda haka waya tana iya jin turke, shi kuma ya kasa jin ta.

A irin wannan hali waya takan ɗaga ƙarfinta zuwa matuƙa, abin da ya sa batir ke saurin ƙarewa a inda sabis ke da rauni.

Dalili na biyu shi ne hayaniya. Kowace na'urar karɓa tana da nata ƙugin lantarki, ga kuma kutsen wasu siginoni. Abin da ake dubawa shi ne yadda sigina ta ɗara hayaniya. Raɗa a cikin masallaci tana jiyuwa, amma ranar da kasuwar Talata Mafara ke ci, sai an ɗaga murya.

Na uku shi ne faɗin hanya, wato yankin zangon da aka ware wa sadarwa. Hanyar GSM ɗaya kilohaz 200 ce, ta 3G megahaz biyar, ta 4G takan kai megahaz 20. A shekarar 1948 Ba'amurke Claude Shannon ya nuna cewa waɗannan abubuwa biyu, faɗin hanya da fifikon sigina a kan hayaniya, su ne ke iyakance yawan bayanan da za a iya aikawa.

Duk wayoyin da ke ƙarƙashin eriya guda raba wannan hanya suke yi. Shi ya sa intanet kan yi nauyi ranar kasuwa ko ranar salla, alhali sanduna sun cika.

Turke ba ya aiki shi kaɗai

Dogayen akwatunan da ake gani a saman turke su ne eriyoyin da ke magana da wayoyi. Galibi a kan fuskantar da su ɓangarori uku, kowace ta kula da kashi ɗaya cikin uku na kewaye. Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, tattara shi take yi ta nufi wuri guda da shi, kamar yadda tocila ke yi wa hasken ƙwanta.

Masu kama da ganga ko faranti kuwa aikinsu haɗa turke da wani turke ne, har saƙo ya kai cibiyar kamfani. Suna amfani da zanguna masu yawan kaɗawa sosai, dole su fuskanci juna babu shamaki, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana waɗanda suka haura gigahaz goma.

A yankunan karkara a kan jera turaka kamar sarƙa. Idan ɗaya ya mutu, saboda ƙarewar man janareto, ko satar batura, ko tsinkewar wayar ƙarƙashin ƙasa, na bayansa ma sukan yi shiru. A inda hanya ba ta da tsaro, kai mai da masu gyara babban aiki ne. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Wi-Fi da sauran danginsa

Wi-Fi ma da waɗannan dokoki yake aiki, sai dai a ƙaramin fili. An fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1997. Ƙarfinsa kaɗan ne, shi ya sa bai cika wuce gida ko shago ba.

Zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa katanga, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin Bluetooth da wasu na'urorin gida ma a nan suke. Hanyoyi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11. Zangon gigahaz 5 ya fi yalwa da sauri, amma bai kai wancan nisa ba.

Ya kamata a sani cewa ƙaramar na'urar Wi-Fi da ake sa wa layin waya, daga turke take samun intanet ɗinta. Idan turke ya mutu, za ta ci gaba da nuna alamar Wi-Fi cikakkiya, amma babu abin da zai buɗe. Mafi kyawun wurin ajiye ta shi ne sama, kusa da tagar da ke fuskantar turke, nesa da ƙarfe.

Wa ke da zango?

Zangon rediyo dukiya ce mai iyaka, domin idan biyu suka yi magana a zango ɗaya a wuri ɗaya, babu wanda za a ji. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda aka kafa a 1865, ita ke tsara rabonsa tsakanin ƙasashe, NCC kuma ta raba wa kamfanonin waya a Najeriya.

A gwanjon watan Janairun 2001, kuɗin lasisin GSM ya kai dala miliyan 285, kuma a watan Agustan shekarar MTN da Econet suka fara aiki. A watan Disambar 2021, MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon gigahaz 3.5 na 5G, kowanne a kan dala miliyan 273.6, inda kowanne ya samu faɗin megahaz 100.

Kamfanin da ya kashe irin waɗannan kuɗaɗe yakan fara da inda jama'a suka fi yawa. Don cike giɓin ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, mai tallafa wa kai sadarwa yankunan da ba su da riba.

Akwai kuma hanyar tauraron ɗan adam, wadda ba ta dogara da turken gari ba. Kamfanin Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, sai dai kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin akasarin manoma.

Igiya ba ta san iyaka ba

Idan aka dawo kan abin da ya faru a 2021, waɗannan bayanai sun nuna abin da ya sa matakin ya kasance da wuyar tsarawa.

Turke ba ya bambanta wayar manomi da ta ɗan bindiga. Kamfani yana iya rufe layin da aka san lambarsa, amma mai laifi yana iya sauya layi ko ya yi amfani da na wanda ya kama. Shi ya sa aka kashe turakun gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, lokacin dokar ta-ɓaci.

Haka kuma igiya ba ta tsayawa a iyakar jiha. Turken da ke cikin jihar Sakkwato ko Katsina yana iya kaiwa kilomitoci cikin Zamfara, musamman ga wanda ke kan dutse. Wannan na daga cikin abin da ya sa rufewa a jiha ɗaya ke jawo rufewa a maƙwabtanta. Wayar tauraron ɗan adam da rediyon hannu na oba-oba kuwa ba su da alaƙa da turakun kamfanonin waya, don haka kashe turaka ba ya shafar su.

Hukumomi sun ce matakin ya taimaka wa jami'an tsaro, yayin da masu suka ke cewa ya hana mutanen ƙauye sanar da hari ko neman agaji. Hare-hare a yankin sun ci gaba a shekarun da suka biyo baya.

Ga garuruwa irin su Faru da ƙauyukan da ke kewaye da su, abubuwan da ke tabbatar da sabis sanannu ne: turke mai tsawo a kusa, zango na ƙasa da megahaz dubu, wutar da ba ta ɗaukewa, da hanyar da masu gyara za su bi lafiya. Su ne abubuwan da jama'a za su iya tambayar kamfanoni da wakilansu a kai.